Ƙiftawar Tauraro

Daren da aka ɗauke wuta a Unguwar Rogo,
Sahura ta ja hannuna zuwa kan dutsen bayan gida,
sanyin Jos na cizon kunne kamar yana bin mu bashi.
Ta ce, "Baba, ɗaga kai."
Na ce, "Ni da na tsufa a sunkuye cikin ramin kuza,
me sama ta ajiye mini?"

Ta ce kowane tauraro rana ce a garinsu,
da yawansu kuma da 'ya'ya suna kewaya su.
An ƙirga duniyoyi sun haura dubu biyar,
mai ƙirgar bai ajiye alƙalami ba.

Na ce, "Wa ya je ya gano?"
Ta yi dariyar uwarta, wadda ke fara fita ta hanci.
"Ba zuwa ake ba, gadi ake yi.
Ka hango fitilar mai shayi can Farar Gada:
ƙwaro ya gifta gabanta, haske ya ɗan ƙifta.
In ya ƙifta yau, ya sake bayan kwana tara,
ya kuma sakewa bai saɓa alkawari ba,
to akwai mai wucewa."

Wannan kam na gane.
Mu ma ba ido ke fara gaya mana ba,
nauyin kwano ne a hannu
bayan ruwa ya tafi da yashi.

Ta ci gaba da zuba, ni ina tara kunne:
wata shekararta ba ta kai daga asuba zuwa asuba ba,
wata ana zaton narkakken ƙarfe take ruwa da shi,
wasu bakwai sun kewaye jan tauraro ƙarami
kamar yara sun samu kaskon garwashi ɗaya.
Har tururin ruwa an shinshino a cikin haske,
abin da ni ban iya ba, da hancina da komai.

Sai ta ce akwai masu ba ranarsu fuska ɗaya har abada.
Rabi azahar ce da ba ta gushewa,
rabi dare ne da bai san zakara ba.
In da mai rai, in ji masana, wataƙila a kan iyaka yake,
a siririn wurin da magariba ta yi gida.

Nan na yi shiru.

Dalyop ne ya faɗo mini.
Shekara goma sha ɗaya muna rami ɗaya a Bukur,
gwate a kwanonsa, tuwo a nawa, cokali babu mai shi.
Ranar da ƙasa ta rufta mini har wuya
da farcensa ya tono ni, biyu suka cire.
Tun shekarar da garin nan ya tsage
kowa ya juya wa rabinsa baya,
ban taka Kabong ba.
Ba teku tsakaninmu, ba jeji.
Kuɗin keke ne, da canji ma.

Haske ya yi shekara arba'in a hanya
ya iso kan dutsen nan bai ɓata ba.
Ni kwalta ɗaya ta gagare ni.

"Baba, sanyi ne?"
Na ce hayaƙi ne, alhali ba mai girki.

Sai ihun yara ya tashi: an kawo wuta!
Ƙwan lantarki ya haɗiye sama a loma ɗaya,
duniyoyi dubu biyar suka koma inda suke.

Muna saukowa, tana riƙe da gwiwar hannuna,
na ce, "Gobe kina da lacca?"
Ta ce sai la'asar.
Na ce, "Ki nemo mini hulata mai kyau.
Akwai fitilar da zan je in duba
ko har yanzu tana ƙiftawa."